Kasafin Tafiya Saudiyya: Abin Da Maniyyaci Zai Lissafa Bayan Kuɗin Kujera

Babu wata tafiya ta ƙasar waje da ke ɗibar 'yan Najeriya masu yawa a lokaci guda kamar tafiya Saudiyya. A 2023 da 2024 da 2025 kujeru 95,000 aka ware wa ƙasar nan domin aikin Hajji, ban da masu zuwa Umara, waɗanda yawansu kan ƙaru a watan azumi. Tafiya ce ta makonni. Mai Umarar azumi yakan yi mako biyu zuwa huɗu, alhajin da ya bi ta hukumar jiharsa kuwa yakan shafe kwana talatin zuwa arba'in kafin jirginsa ya sauka gida, wani lokaci ma fiye da haka.

Adadi ɗaya ne akasarin maniyyata ke riƙewa a ka, wato kuɗin kujera. Shi ake tambaya a majalisa, saboda shi ake sayar da gona ko shanu, kuma ranar da aka kammala biyansa sai mutum ya ji kamar ya sauke nauyin tafiyar baki ɗaya. Amma kujera tana biyan abin da hukuma ko kamfani ya ɗauki alkawarinsa ne kawai. Akwai kashe-kashen da ke zuwa kafin tashi, akwai na kullum a can, akwai kuma na iyalin da aka bari da na watan farko bayan dawowa. Waɗannan ne suka fi jefa mutane cikin bashi, domin babu mai sanar da su a rediyo.

Abin da kujera ta ƙunsa

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ita ce ke sanar da kuɗin kujera kowace shekara bayan ta zauna da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi. Kuɗin ya ƙunshi tikitin jirgi zuwa da dawowa, biza, masauki a Makka da Madina, motocin da ke jigila tsakanin garuruwan, tantunan Mina da Arfa, abinci, jakunkuna da tufafin da alhazan jiha ke sakawa iri ɗaya, sai kuma kuɗin guzuri da ake damƙa wa maniyyaci gab da tashi. Adadin ba ɗaya ba ne a faɗin ƙasa, saboda nisan da jirgi ke yi ya bambanta. A 2025 maniyyatan shiyyar Borno da Adamawa sun biya kimanin naira miliyan 8.33, na sauran jihohin Arewa miliyan 8.46, na Kudu kuwa miliyan 8.78.

Wanda ya biya wannan kuɗi yana da haƙƙin ya tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa abu biyu: sau nawa ake ba da abinci a rana, kuma hadaya tana ciki ko ba ta ciki. A kan amsar waɗannan tambayoyi biyu ake ɗora sauran lissafi.

Naira ake tarawa, riyal ake kashewa

Kusan duk abin da ke cikin kujera da dala ko riyal ake biyansa. Kamfanonin jirage da dala suke lissafi, masu masauki da masu dafa abinci a Saudiyya kuma da riyal. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dalar Amurka a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya, kuma wannan farashi ba ya motsi. Saboda haka mai son sanin darajar riyal ba ya buƙatar jiran kowa: ya raba farashin dala na ranar da 3.75. Idan dala tana naira 1,500, riyal ɗaya naira 400 ke nan. A farkon 2023, lokacin da farashin hukuma yake wajen naira 460, riyal ɗaya kimanin naira 123 ne kacal.

Wannan ne ya bayyana tashin da kujera ta yi cikin ɗan lokaci. A 2022 ta tsaya wajen naira miliyan 2.5, a 2023 wajen miliyan 2.9. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Da aka zo Hajjin 2024, an fara sanar da kimanin naira miliyan 4.9, jama'a suka biya, suka koma gida suna jiran ranar tashi. Sai ga shi a ƙarshen watan Maris, ana cikin azumi, hukumar ta nemi kowane maniyyaci ya cika kimanin naira miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki, saboda darajar naira ta faɗi kafin a kammala tura kuɗin. Gwamnatin Tarayya ta ba da tallafin naira biliyan 90 a wannan shekara, wasu gwamnatocin jihohi kuma suka biya wa maniyyatansu wani kaso na cikon, amma duk da haka akwai waɗanda tafiyar ta kuɓuce musu. Otal bai ƙara faɗi ba, jirgi bai ƙara gudu ba, naira ce kawai ta rage nauyi.

Ba canji kaɗai ke kawo ƙari ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka ɗauki doguwar hanya, kuɗin tikiti ya ƙaru da dala 250 a kan kowane mutum, aka kuma cire wani ɓangare na ƙarin daga guzurin maniyyata.

Abin da ya dace shi ne a rubuta kasafin da riyal tun daga farko, sannan a riƙa mayar da shi naira da farashin ranar. Mai tara kuɗin tafiya na shekara biyu ko uku da naira zalla yana iya wayar gari ya tarar rabin abin da ya tara ya narke ba tare da ya taɓa ko kwabo ba. Sai dai kada wannan ya sa a yi gaggawar canza komai rana guda. Waɗanda suka ruga suka sayi dala a kasuwar bayan fage a watan Fabrairun 2024, lokacin da ta doshi naira 1,900, sun ga ta sauko wajen 1,200 a watan Afrilu. Kuɗin kujerar 2026 ma ya sauka ƙasa da na 2025 bayan naira ta ɗan farfaɗo. Canzawa kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, a ajiye a asusun kuɗin waje na banki, ya fi aminci ga wanda ba ɗan canji ba ne.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai shirin Adashen Gata da NAHCON ta ƙaddamar a 2020 tare da bankin Jaiz, aka ƙara wasu bankuna daga baya. An kwaikwayi tsarin Tabung Haji ne na ƙasar Malesiya, wanda ke aiki tun 1963. Amfaninsa shi ne yana raba kuɗin tafiya da kuɗin cefane, yana kuma saka mutum cikin layi. Amma ajiyar da naira ake yinta, don haka mai adashen ma sai ya riƙa sa ido a kan canji.

Kafin a bar gida

Fasfo ne kashi na farko, kuma shi ma ya yi tsada. Daga 1 ga Satumban 2024 Hukumar Shige da Fice ta mayar da mai shafi 32 na shekara biyar naira 50,000, mai shafi 64 na shekara goma naira 100,000. Shekara ɗaya bayan nan, daga 1 ga Satumban 2025, aka ninka su zuwa naira 100,000 da 200,000. Wanda yake da fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, domin sai yana da aƙalla wata shida a gaba ake ba da biza. Mutumin ƙauye ya haɗa da kuɗin mota zuwa babban birnin jiha, wanda ba sau ɗaya ake zuwa ba, musamman idan sunan da ke lambar NIN ya saɓa da na sauran takardu.

Sai rigakafi. Saudiyya tana neman shaidar allurar sanƙarau daga duk mai zuwa Hajji ko Umara, ga matafiyan Najeriya kuma har da na shawara da na shan inna. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sayi maganin da zai ishe shi har da ƙarin mako biyu, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Sayen irinsa a kantin magani na Makka da riyal yana iya cinye guzurin kwanaki.

Akwai wani kashi da ba a cika sakawa a lissafi ba, wato zaman sansanin alhazai. Duk wanda aikin jarida ya taɓa kai shi sansani a makon tashi ya ga yadda ake kiran mutane da yamma a ce jirgi na tsakar dare ne, a wayi gari suna nan, wani lokaci har kwana biyu ko uku. Ga masu rakiya an cika mota da su daga gida, kowa sai ya ci ya sha, kuma aljihun maniyyaci ake kallo. A ware wa wannan naira dabam, kada a fara taɓa guzuri tun ba a hau jirgi ba.

Guzuri da lissafin kwana

A 2024 da 2025 dala 500 aka tsayar a matsayin kuɗin guzurin kowane alhaji. A kunne adadin yana da kauri, musamman idan aka mayar da shi naira. A riyal kuwa 1,875 ne. Idan zaman ya kai kwana 35, abin da ya faɗo wa kowace rana bai kai riyal 54 ba.

Daga ciki kuma sai a cire hadaya idan ba a haɗa ta a kujera ba. Mafi yawan alhazan Najeriya Tamattu'i suke yi, wanda ke wajabta yanka, ko azumin kwana goma ga wanda ba shi da hali. Hanyar da hukumomin Saudiyya suka amince da ita ita ce shirin Adahi da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ke gudanarwa, kuma a 'yan shekarun nan riyal 720 ake biya. Idan aka cire wannan, saura riyal 1,155, wato riyal 33 a rana. A kowace shekara akwai masu zagayawa masaukai suna karɓar kuɗin hadaya ƙasa da haka da alkawarin za su yanka. Wanda ya ba su ya rage riyal ɗari ko ɗari biyu, amma ba shi da wata shaida cewa an zubar da jini.

Me riyal 33 zai yi? Abincin hukuma galibi sau biyu ne a rana, don haka na ukun daga aljihu yake fitowa, haka ma duk ranar da girkin bai karɓi mutum ba ko aka raba yana Harami. Ga shayi da ruwan sanyi da 'ya'yan itace, waɗanda a zafin Makka ba za a kira su almubazzaranci ba. Ga layin waya na STC ko Mobily ko Zain da kuɗin data, domin kira da layin Najeriya daga can yana cinye kati cikin mintuna kaɗan. Ga wanki, ga aski bayan Umara da bayan jifa. Mai son ƙara Umara zai biya mota zuwa Tan'im ko Ji'irana. Dattijo ko mara lafiya da ba zai iya ɗawafi da sa'ayi da ƙafa ba zai biya mai tura keke ko ya hau keken lantarki, kuma a kwanakin cunkoso farashin yakan yi tashin gwauron zabo. Kudin tasi ma haka: tazarar da aka biya riyal goma a farkon zuwa tana iya ninkawa sau da yawa a makon Arfa. A tuna kuma tun watan Yulin 2020 Saudiyya take karɓar harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kayayyaki da hidimomi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba guzurin tun ranar farko. A ware hadaya a biya ta da wuri, a ware na ko-ta-kwana a ɓoye, abin da ya rage a kasa shi mako-mako. Kuskuren da aka fi yi a Madina ake yinsa. An rage kwanakin Madina daga takwas zuwa huɗu ko biyar a 'yan shekarun nan, amma a nan ne mafi yawan alhazai ke fara sauka, kuɗi na ɗumi a hannu, ga shaguna a ƙofar masauki. Wanda ya kashe rabin guzurinsa a waɗannan kwanaki yana da sauran wata guda cur a gabansa. Kwanakin da suka fi wuya kuwa su ne na bayan Arfa, lokacin da ibada ta kammala, aljihu ya yi sauƙi, kuma ba a san ranar da layin jirgi zai zo kan mutum ba. A kan wannan ne ya kamata kowane kasafi ya ɗauki ƙarin kwana bakwai zuwa goma a kan abin da aka faɗa.

A ra'ayin mai wannan rubutu, duk wanda yake da hali ya riƙe ƙarin dala 200 ko 300 na kansa bayan guzurin hukuma, ya kuma ɗauka cewa ba nasa ba ne sai an shiga mako na huɗu.

Mai Umara da jirgin yawo

Lissafin mai Umara ya fi sarƙaƙiya, domin babu hukumar da ta tsayar masa da farashi. Yana bi ne ta kamfanonin da aka fi sani da jirgin yawo, kuma kowane kamfani da irin kunshinsa. Wani biza da tikiti kawai yake sayarwa, wani ya haɗa da masauki, wani har da abinci da ziyara. Kwatanta farashin biyu ba tare da sanin abin da ke cikin kowanne ba ɓata lokaci ne. A nemi a rubuce: sunan otal, nisansa da Harami, mutum nawa a ɗaki, dare nawa a Makka, dare nawa a Madina, jirgin kai tsaye ne ko mai yada zango a Alkahira ko Addis Ababa, kilo nawa aka yarda a ɗauka, kuma nawa za a biya idan aka sauya ranar dawowa. A tabbatar kamfanin yana da lasisin NAHCON, a biya ta asusun kamfani, a karɓi rasit.

Masauki ne ya fi cin kuɗi, kuma a nan kwanaki ke nuna ƙarfinsu. A ɗauka, a matsayin misali, ɗaki kusa da Harami riyal 400 ne a dare, mutum huɗu suka raba, kowa riyal 100. A dare 21 kowannensu zai biya riyal 2,100, wato naira 840,000 idan riyal yana naira 400. A ɗauka kuma akwai wani ɗakin a nesa, a unguwa irin Aziziyya, a kan riyal 200. An rage riyal 50 a kan kowane mutum a dare. Amma idan otal ɗin ba shi da motar da ke kai baƙi masallaci, kuma zuwa da dawowa sau biyu a rana ya ci wa mutum riyal 80, to arahar ta zama tsada, ga gajiya a kai. Ƙaramin bambanci na dare ɗaya, idan aka ninka shi sau ashirin da ɗaya, yakan kai kuɗin tikitin jirgin cikin gida.

Lokaci ma farashi ne. Goman ƙarshe na Ramadan ita ce mafi tsada a shekara, otal-otal da dama ma ba sa sayar da ita dare-dare sai dai a dunƙule. Mai ƙaramin kasafi da ya zaɓi farkon watan, ko watannin da ba na cunkoso ba, zai iya yin kwanaki masu yawa da kuɗin da bai isa goman ƙarshe ba. Tsakanin Makka da Madina, tazarar kimanin kilomita 450, akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain da aka buɗe a 2018, wanda ke cinye hanyar cikin sa'a biyu da rabi ko ƙasa da haka. Ya fi motar safa tsada, kuma a lokacin cunkoso sai an kama kujera da wuri. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake nemansa kuma kyauta ne, saboda haka ba shi da gurbi a kasafi, ko da wani ya ce a ba shi wani abu ya samo.

Akwai arahar da ba a kusantarta. Wasu dillalai kan sayar wa mutane bizar ziyara ko ta Umara da alkawarin za su laɓe har lokacin Hajji. A Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin lafiya na Saudiyya sun sanar da mutuwar mutum 1,301, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su da tanti ko motar da za ta ɗauke su. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, ban da kora da hana shiga ƙasar na shekaru.

Yadda ake ɗaukar kuɗin

A ƙa'idar da CBN ya daɗe yana aiki da ita, matafiyi na iya sayen har dala 4,000 ta banki a kowane wata uku domin tafiyar ƙashin kai, ɗan kasuwa kuma dala 5,000. A watan Fabrairun 2024 bankin ya umarci a daina ba da wannan kuɗi a hannu, sai ta kati. An sassauta wa alhazai a 2025 aka ba su guzurinsu tsaba, ganin cewa da yawansu ba su saba da na'urar cirar kuɗi ba. Mai Umara ya tuntuɓi bankinsa makonni kafin tafiya, domin takardun sukan ɗauki lokaci.

Katin naira na yau da kullum ya daina aiki a ƙasashen waje a yawancin bankuna tun wajen 2022, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi, kowanne da iyakar abin da za a iya kashewa. A tambayi iyakar da kuɗin da ake cirewa a kowace mu'amala. Cirar kuɗi kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi cirar mai yawa sau ɗaya tsada. Idan na'ura ta tambaya da wane kuɗi za a caje, a zaɓi riyal. Kada kuma a bar layin wayar Najeriya a gida, domin ta kansa lambar sirrin banki ke shigowa.

Mai tsabar dala ya nemi sababbin takardu marasa yagewa ko tabo, ya ƙirga da hannunsa a gaban mai ba shi, ya kuma canza a shagon canji mai lasisi. Tunda farashin riyal a ɗaure yake, duk wanda ya ba da abin da ya yi nisa da riyal 375 a kan dala ɗari akwai magana. An sha jin dattawan da wani ya ce zai taimaka musu da canji, ya musanya musu takardar dala ɗari da ta dala ɗaya, domin girmansu ɗaya ne. Kada a tara kuɗi wuri guda, kada kuma a shiga da su duka cikin cunkoson ɗawafi. Dokar Najeriya ta wajabta wa mai fita ko shiga da abin da ya haura dala 10,000 ya bayyana wa jami'an kwastam, Saudiyya ma tana da irin wannan ƙa'ida a kan kuɗi da zinare. Tsohuwar dabarar ɗaukar goro a sayar a can domin ƙara guzuri kuwa ta zama hanyar shiga hannu, domin an haramta shiga da shi.

Tsaraba

Nan ne kasafi ya fi rushewa, saboda ba lissafi ke jan ragama ba, kunya ce. Dangi, surukai, maƙwabta, abokan aiki, limamin unguwa, kowa yana sa rai. Maganinta shi ne a rubuta sunaye tun a gida, a sa adadi a gaban kowane suna, a tara, a tsaya a nan.

Da yawa daga cikin carbi da darduma da hula da jallabiyar da ake jibga wa jaka a Makka daga China ko Turkiyya aka kawo su, kuma irinsu na nan a Kantin Kwari da sauran manyan kasuwanninmu. Alhazai da dama sun daɗe da gano haka: sukan sayi tsarabar jama'a a gida da naira kafin su tafi, su ajiye, su taho da dabino da turare da abin da lallai sai can ake samu. Ruwan Zamzam galan ɗaya ne mai lita biyar ga kowane mutum. Nauyin kayan da aka yarda yakan sauya daga shekara zuwa shekara, kuma abin da ya haura awo ko dai a biya masa kuɗin jirgin kaya ko a bar shi a filin jirgin Jidda. Bargon da aka saya riyal hamsin, aka biya masa wani hamsin ɗin na awo, sannan aka jira shi wata biyu, bai zama araha ba. Haƙorin Makka ma, ga mai sha'awa, a sa shi a lissafi tun farko.

Gidan da aka bari

Malamai sun bayyana cewa ikon da ke wajabta Hajji ya haɗa da barin abin da zai ishi iyali har a dawo. Ta fuskar kasafi, wannan na nufin a lissafa cefane, kuɗin makaranta, haya, wuta, magani da abin da ka iya tasowa na kwana arba'in, a ƙara kwana goma. Tafiyar Hajji tana haɗuwa da Babbar Sallah, ga ragon layya da ɗinkin yara. Umarar azumi kuma tana haɗuwa da watan da cefane ya fi nauyi, ga zakkar fidda kai da kayan Ƙaramar Sallah.

Akwai kuma kuɗin da ba a kashe ba amma aka rasa. Ma'aikaci albashinsa na shiga yana can. Ɗan kasuwa, mai sana'ar hannu da direba kuwa, ranar da ba su fita ba babu abin da ya shigo, kuma shagon da aka bar wa yaro mako shida ba lallai a same shi yadda aka bar shi ba. Manomi yana da nasa lissafin. An tsaya Arfa ranar 15 ga Yuni a 2024, ranar 5 ga Yuni a 2025, a 2026 kuma lokacin ya faɗo ƙarshen Mayu, domin kalandar Musulunci tana ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Wato a waɗannan shekaru alhaji yana barin gida lokacin sharar gona, ya dawo damina ta sauka. Iri, taki da kuɗin ƙwadago sai an ajiye su kafin tashi, a hannun wanda aka amince da shi. Wanda ya sayar da gonar da yake ci da ita domin cika kujera, ko ya ci bashi da niyyar biya daga amfanin da babu mai shuka masa, ya sake zama da alƙalami kafin ya biya.

Ya kyautu a raba kuɗin gida gida biyu, a miƙa rabi ranar tafiya, rabi kuma a bar shi a asusun da za a iya turawa daga can ko a hannun wani amintacce. Basussukan da ake bin mutum da waɗanda yake bi a rubuta su, a bar takardar inda iyali suka sani.

Ranar dawowa

Jirgi ba koyaushe yake sauka a garin da aka tashi ba, kuma sau da yawa cikin dare yake isowa. Ana buƙatar naira a aljihu domin mota da ɗan abinci, don haka a ajiye wasu 'yan dubbai a cikin jakar hannu tun ranar fita. A gida kuma baƙi masu zuwa barka da sauka sukan ɗauki mako guda suna shigowa, wasu iyalan har walima suke yi, ga tarin Makka da ke biyo mafi yawan alhazai wanda kan kai wasu asibiti. Kasuwa ba ta komawa daidai a ranar farko. Kuɗin cefanen wata guda da aka ajiye ba a taɓa ba shi ne ke riƙe gida a wannan tsakani.

Riyal ɗin da ya rage, idan na takarda ne, 'yan canji a Wapa ta Kano ko Zone 4 ta Abuja za su saya, amma ƙasa da farashin da suke sayarwa. Sulalla kuwa ba mai karɓa, sai dai a kashe su a filin jirgi kafin a hau, ko a ba wani maniyyaci na baɗi.